Ga wanda jirgin ruwansa zai tsaya Iskandariyya a Masar kuma yana son ganin dalar Giza

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga abin da na koya a tafiyata.

Daga tashar jiragen ruwa ta Iskandariyya zuwa Giza, da ke gefen Alkahira, ya haura kilomita 200, wajen awa 3 a mota, dawowa ma haka. Kenan rabin yinin a hanya zai ƙare. Don haka ku bi motar da kamfanin jirgin ya shirya, ko da ta fi tsada. In ta makara jirgi yakan jira ta, amma wanda ya ɗauki tasi don kansa, cunkoson Alkahira ya riƙe shi, sai dai ya tarar an tashi.

Ku tafi da katin banki, don da shi ake sayen tikitin shiga. Shiga cikin babbar dalar Fir'auna Khufu, wadda ta haura shekara 4,500, tikitinta daban ne. Hanyar ƙunci gare ta, a sunkuye na hau, zufa na ɗiga daga haɓata, kuma abin da ke ɗakin sama akwatin dutse ne babu komai ciki. Mai ciwon gwiwa ko baya ya haƙura, ya tsaya wajen gunkin Abul Haul, mai kan mutum da jikin zaki, ya more kallo.

Masu raƙuma kuwa, ku gama ciniki kafin ku hau, har da kuɗin sauka. Ni sai da na ƙara kafin a durƙusar da raƙumin.

Ruwan sha, hula da takalmi mai rufi kada a manta, rairayin na ƙuna da rana.