Yadda Ake Hawa Motar Haya Marar Direba Ba Tare da Ƙara wa Gari Cunkoso Ba

Wanda tafiya ta kai shi birnin Phoenix ko San Francisco ko Los Angeles a Amurka zai ga fararen motoci ɗauke da wata na'ura mai juyawa a kan rufinsu, suna ɗaukar fasinja suna saukewa, alhali babu kowa a kujerar direba. Motocin kamfanin Waymo ne, wanda ya samo asali daga gwajin da Google ya fara a 2009, ya kuma buɗe wa jama'a hayar motar da ba direba a yankin Phoenix a watan Oktoba na 2020. A birnin Wuhan na ƙasar Sin ma kamfanin Baidu yana gudanar da irin wannan haya. Da direba ya fita daga mota, wasu ƙananan ayyukan da yake yi ba tare da kowa ya lura ba sun faɗo kan fasinja, don haka ya kamata a san su tun kafin a shiga.

Abu na farko shi ne mutum ya tantance irin motar da yake ciki. Injiniyoyi sun raba ikon da mota take da shi na tuƙa kanta zuwa matakai shida, daga 0 zuwa 5. Motocin Waymo suna mataki na 4, wato suna tuƙa kansu gaba ɗaya, amma a iyakar yankin da aka zana musu taswirarsa. Tsarin Autopilot na motocin Tesla kuwa mataki na 2 ne, taimako kawai yake yi, kuma wajibi ne mai tuƙi ya sa ido a kan titi, ya kasance a shirye ya karɓi sitiyari a kowane lokaci. Sakaci da wannan bambanci yana iya cin rai. A watan Maris na 2018, a garin Tempe na jihar Arizona, wata motar gwaji mai tuƙa kanta ta kamfanin Uber ta buge wata mata mai tsallaka titi da kekenta cikin dare har ta rasu, bincike kuma ya nuna cewa wadda aka ɗora wa alhakin lura da motar hankalinta yana kan waya.

Kafin mutum ya kira motar ta manhajar wayarsa, ya dace ya tambayi kansa ko tafiyar tana bukatar mota. A ganina nan ne amfanin wannan fasaha ko ɓarnarta yake. Gaskiya ne motocin Jaguar I-PACE da Waymo yake amfani da su na lantarki ne, ba sa fitar da hayaƙi a titi, amma kowace daga cikinsu tana cin fili daidai da motar fetur, kuma tsakanin sauke wani fasinja da ɗauko wani tana yawo fayau ba kowa a ciki. Idan mutum hamsin da bas ɗaya za ta kwashe suka kira mota hamsin, titin zai cushe ko da babu ɗigon fetur a cikinsu. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a hau jirgin ƙasa ko bas a doguwar tafiya, kamar jirgin BART a yankin San Francisco ko jirgin Valley Metro a Phoenix, sannan a kira motar don ɗan guntun da ya rage daga tasha zuwa gida, ko da daddare bayan bas sun yi ƙaranci, ko idan ana tare da tsoho ko mai lalura. Motar tana ɗaukar mutum huɗu, saboda haka abokan tafiya su haɗu a guda ɗaya.

Wajen ɗauka, a zaɓi inda motar za ta tsaya ba tare da tare hanyar bas ko ta masu keke ba, kuma mutum ya riga ta isa wurin. Haruffan farko na sunan fasinja suna bayyana a na'urar da ke kan rufi, da waya ake buɗe ƙofa, a ɗaura bel, sannan a danna maɓallin fara tafiya. Ba a zama a kujerar direba, ba a taɓa sitiyari ko birki. Mai ƙaramin yaro ya zo da kujerar yaro tasa, domin dokar jihar Kalifoniya, inda San Francisco da Los Angeles suke, ta wajabta ta ga wanda bai kai shekara 8 ba. A cikin motar akwai kyamarori.

Idan motar ta tsaya cik a tsakiyar titi, ko ta nufi wurin da 'yan kwana-kwana ko 'yan sanda suke aiki, a danna maɓallin neman taimako da ke kan allo don magana da ma'aikacin kamfanin, akwai kuma maɓallin da zai sa ta ratse gefe. Kada a ɗauka na'ura ba ta kuskure. A watan Oktoba na 2023, a San Francisco, wata mota mai direba ta buge wata mata ta wurga ta gaban wata mota marar direba ta kamfanin Cruise, ita kuma motar Cruise ɗin ta ja matar a ƙasa kimanin mita shida wajen ƙoƙarin ratsewa, lamarin da ya sa hukumomin Kalifoniya suka dakatar da lasisin kamfanin. Wanda ya ga motar ta yi abin da bai dace ba ya kai rahoto ta manhaja, yana ambaton wuri da lokaci.

Wajen sauka, babu direban da zai ce a dakata ga mai keke nan tafe, don haka a waiwaya baya kafin a buɗe ƙofa, a kuma fita ta ɓangaren gefen titi. A kwashe kaya da shara, sannan a rufe ƙofar ta rufu sosai, domin idan aka bar ta a buɗe motar ba za ta motsa ba, za ta zauna tana tare hanya har sai wani ya zo ya tura mata ita.