Yadda za ka ƙarasa gem ɗin da ya ba ka haushi

Dragon Age II nake nufi, na 2011. Farko dai cire na farkon, wato Origins na 2009, daga ranka, in ba haka ba wallahi kwana biyu za ka ajiye shi. Sa shi a mataki mai sauƙi, ka tsallake ƙananan aike-aiken nan don kogo ɗaya ake ta maimaita maka, ƙofa kawai ake toshewa, ni ina ƙudundune cikin bargo a sanyin Jos har na haddace kogon kamar hanyar Taminus. Bi labarin Hawke, wanda kake wasan da shi, da surutun abokin tafiyarsa Varric a birnin Kirkwall, nan daɗin yake. Riƙa yin sebin, wato adana inda ka tsaya, kafin a ɗauke wuta. Hukunci kuma bari sai ka ga ƙarshe, ni dai labarin ya min, wuraren kam sam.