Kurakuran da masu zuwa hawan dutse da kallon namun daji ke ta maimaitawa

Wallahi na gaji da nanata magana ɗaya. Duk sanda samari sunka haɗa tafiya, ko hawan Dutsen Kwatarkwashi ne nan kusa da Gusau, ko duwatsun ƙasar Zuru, ko kuma an yi karo-karo an ɗauki shatar mota har Yankari ko Gashaka Gumti, abin da ake hana su shi dai suke yi, sannan su dawo suna cewa ba su ga komai ba sai wahala.

Na farko, kuma wanda ya fi ci min rai, lokacin tashi da maganar ruwa. A ce za a hau dutse amma sai an sha shayi an yi hira an jira wane da ya tafi cajin waya, sha ɗaya na rana sannan a fara hawa. Jama'a dutse ba gona ba ne, babu inuwa a saman falalen nan, kuma a watan Afrilu zafin garinmu kan wuce digiri 40, ga dutsen shi ma yana maido maka zafi ta ƙasa. Akwai wata tafiya da munka yi lokacin bazara, wani yaro ya zo da fiya wata leda biyu kacal a aljihu, na yi magana ya ce shi ɗan ƙauye ne ya saba. Ba mu kai rabi ba ya fara cewa kanshi na sarawa, can sai zufa ta ɗauke mashi gaba ɗaya, ya fara surutan da ba kan gado. Haka munka yi ta karɓa-karɓa da shi a baya muna saukowa, ruwan da ya rage mana duk munka juye mashi a jiki, sai da anka sa mashi ƙarin ruwa a asibiti ya dawo hayyacinshi. Gwiwata ta dama tun ranar ba ta koma daidai ba, kuma ni na tsaya gaban mahaifinshi ina bayani. Shi ya sa yanzu ba na jayayya da kowa, ana sallame Asuba nake tashi, ƙarfe goma ina ƙasa. Kowa lita uku mafi ƙaranci, wanda bai da shi ya zauna a mota. Ina kuma ɗaukar garin ORS, in babu a haɗa na gida, sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali a ruwa lita ɗaya. Ruwan alwala daban ne, kar ka lissafa shi cikin na sha. Mai azumi kuwa, ko na nafila ne, ya bari sai wata rana.

Na biyu shiga wuri ba ɗan jagora ba sallama. Kowa ya san halin da dazukanmu ke ciki, amma sai ka ji wani na cewa wai yana son zuwa Dajin Kuyambana ya ɗauko bidiyo. Haba malam! Wurin da mutanen yankin Ɗansadau da kansu ba sa shiga yadda sunka ga dama, kai da ka taso daga cikin gari da kyamara me ka taka? Ni na cire shi daga lissafi sai Allah ya kawo zaman lafiya, kuma ko dutsen da ke bakin titi ne ba na hawa sai na je gidan mai gari na gaida shi, na tambayi yadda kwanan wurin yake, ya haɗa ni da wanda ya san hanya, in sun ce yau a haƙura to an haƙura. A manyan gandun daji irin Gashaka Gumti da ke Taraba da Adamawa, wanda ya fi kowane girma a Najeriya, ofishinsu na Serti za ka fara zuwa a ba ka ma'aikaci ya raka ka, can ne dutsen Chappal Waddi yake mai tsayin mita 2,419, ba wurin da za ka ce taswirar waya za ta fisshe ka ba ne, sabis ma ba ko'ina ba. Kuma don Allah a daina sa hoto a Facebook ana faɗin inda ake alhali ba a sauko ba, ka bari sai ka iso gida.

Sai masu zuwa da sifika. Ka zo kallon dabba kana sakin kiɗa kuna ihu kuna kiran juna daga wannan tsauni zuwa wancan, wace gada ce za ta tsaya? Rema ma da ke shan hantsi bisa duwatsu, motsi kaɗan ta shige kogo. Ni wuri nake samu in zauna shiru kamar mai jiran huɗuba, iska na busowa ta fuskata ba ta bayana ba, rabin awa haka za ka ga abin da mai yawo bai gani ba yini guda. Sassafe da bayan La'asar suke fitowa, tsakar rana suna kwance.

Silifas da takalmin zuwa biki, a'a. Kambas mai ƙasan roba, wanda ka riga ka saba da shi.

Turare a bar shi gida saboda zuma na zama a tsagar duwatsu. Baƙaƙen kaya da shuɗi kuma suna jawo tsando, wanda ya je Yankari ya sha cizo zai gaya maka.

Kar a ba gwaggon biri abinci, kar a riƙe leda a gabanshi, fizgewa zai yi kuma yana da haƙora.

Maciji kuwa, a daina cusa hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse don neman madafa, kububuwa da kasa nan suke laɓewa. In tsautsayi ya faru ban yarda da ɗaure wurin tamau ba, ko tsagawa da reza, ko tsotsa, a hana mutum tafiya da ƙafar, a ɗauke shi sai asibitin da ke da allurar dafin maciji, kuma tun kafin a tashi daga gida ya kamata a san wanne ne.

Saukowa ta fi hawa haɗari, nan ake karaya, a sauko a karkace a hankali ba da gudu ba, musamman in an yi yayyafi dutsen ya yi santsi. Wanda ke son ganin dabbobi da yawa ya je da rani sanda ciyawa ta bushe suna taruwa bakin ruwa, a Yankari gefen kogin Gaji kenan, sai dai in hazo ya yi kauri hoton nesa ba zai fito ba. Guntun sigari a busasshiyar ciyawa kuma ya isa ya tada gobara, ledar fiya wata da robar lemo kowa ya maida tashi cikin jaka.