Yadda Matashi Zai Gyara Muhallinsa Domin Kare Lafiyarsa

Matashin da ya baro gidan iyayensa ya kama ɗaki a Kano ko Zariya, domin karatu ko neman na kansa, yakan tarar cimarsa ta sauya cikin 'yan makonni ba tare da ya ƙudurta hakan ba. A gida ana sauke tuwo da miyar kuka a kan lokaci, a nan kuwa abin da ke bakin ƙofa shi ne teburin mai shayi da Indomie da ƙwai, sai lemon kwalba mai sanyi a shagon da ke kusa. Ciki ba ya jiran dogon tunani, abin da hannu ya fara kaiwa gare shi ake ci, saboda haka daga ɗaki da hanyar da ake bi kullum ya kamata gyara ya fara.

Ka ɗauki mako guda kana rubuta duk abin da ka saya da wurin da ka saye shi, za ka ga cewa wurare biyu ko uku ne ke ciyar da kai. Idan mai shayi na cikinsu, ba sai ka ƙaurace masa ba, ka dai roƙe shi ya tsaya a cokali ɗaya na sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke sha a rana ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12, kuma shayi biyu masu kauri da kwalbar lemo guda sun isa su haura wannan iyaka. Gishiri kuwa bai kamata ya kai giram 5 a rana ba, alhali da yawa daga cikinsa a ɓoye yake cikin dunƙulen magi da ƙullin sinadarin taliya. Ka zuba rabin ƙullin, ka cike da albasa da attaruhu da daddawa.

Rashin tsayayyar wutar lantarki ne ke sa matasa da yawa cewa ba za su iya ajiye abincin kirki ba, amma kakanninmu sun rayu babu firji. Wake da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da busasshen zogale da garin ɗanwake duk suna yin makonni a ɗaki, kuma kwaɗon zogale ba ya cin lokaci mai yawa. Ku yi karo-karo da abokan zama, idan a Kano kuke, ɗaya ya je kasuwar 'Yankaba ya sayo kayan miya ko ta 'Yan Lemo ya sayo 'ya'yan itace na lokacin, domin sarin haɗin gwiwa ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi. Sannan a ajiye su inda ido zai gani, biskit kuma kada ya kwana a ɗakin.

Motsa jiki ma unguwa ce ke yanke hukuncinsa. Adaidaita sahu na kai mutum har ƙofa, titunanmu da yawa ba su da gefen masu tafiya a ƙasa, kuma daga Maris zuwa Mayu zafi kan kai digiri 40. Abin da ake buƙata shi ne aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar na tafiya mai ɗan sauri. Ka sauka daga adaidaita kafin ka iso, ka ƙarasa da ƙafa, ka kuma zaɓi bayan asuba ko bayan la'asar. Lamarin 'yan mata ya fi ba ni damuwa, domin filayen ƙwallo na samari ne kusan duka. Su haɗu biyu ko uku su zaga harabar makaranta, ko su yi tsallen igiya a tsakar gida.

Hawan jini ba ya jiran tsufa kuma sau da yawa ba ya nuna alama, don haka ka auna jininka aƙalla sau ɗaya a shekara, idan ya kai 140 bisa 90 a awo fiye da ɗaya ka je asibiti ka ga likita.