Shawara ga masu zuwa aiki daga Mararaba

Salam 'yan uwa masu shiga Abuja kullum. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 motocin haya suka ragu. Maƙwabcina ma ya sayi bas, wata uku ke nan tana lulluɓe da tamfol yana jiran takardar izini.

Ku fito da zarar an sallame Asuba. Bakwai na bugawa Nyanya ta cushe, sai ka ga mutum goma sun rufar wa ƙofa ɗaya. Mu dai mun haɗu mu huɗu, mun riƙe direba guda muna biyansa mako-mako.

Don Allah kada gajiya ta sa ku faɗa motar da ba ta tasha ba bayan Magariba, akwai ɓarayi masu basaja da motar haya.