Yadda Ake Shirya Zaman Kimiyya da Yara Za Su Yi Gwaji da Hannunsu

Kuskuren da aka fi yi a zaman kimiyya na yara shi ne babba ya tsaya bayan tebur yana gwaji, yara suna kallo suna tafi. Za su ji daɗi, amma kallo kawai suka yi. Lokacin da masanin fiziks Frank Oppenheimer ya buɗe cibiyar nune-nunen kimiyya ta Exploratorium a San Francisco ta Amurka a 1969, abin da ya sa a gaba shi ne mai ziyara ya taɓa, ya juya, ya gwada da kansa. Wannan ba ya buƙatar katon gini. Ga yadda za ka shirya zaman awa ɗaya ga yara 'yan shekara 8 zuwa 12, da kayan da jaka ɗaya za ta ɗauke.

Fara da tambaya ɗaya tak. Kada ka ce yau za a koyi "motsi", domin yaro ba zai iya riƙe motsi a hannu ba. Ka ɗaure notin ƙarfe a bakin zare, ka sake shi yana lilo, ka tambaya: me zai sa wannan lilon ya yi sauri ko ya yi jinkiri? Na fi son wannan gwajin a zaman farko saboda babu wuta, babu sinadari, kuma amsar da kusan kowa ke bayarwa da farko kuskure ce.

Kafin ranar, ka yi gwajin da kanka da ainihin kayan da yaran za su taɓa. Zare mai tsawon santimita 25 zai je ya dawo sau goma cikin kusan daƙiƙa 10. Mai santimita 100 zai ɗauki kusan daƙiƙa 20. Idan lissafinka ya yi nisa da wannan, duba awonka: daga inda aka kafa zaren ake auna tsawo zuwa tsakiyar notin, ba zuwa ƙullin ba. Kowane rukuni zai buƙaci zare, noti huɗu masu girma ɗaya, rula, tef mai manne, fensir da za a manne a bakin tebur a rataya zaren, takarda, da agogo mai ƙirga daƙiƙa. Na waya ma ya wadatar.

Raba yaran uku-uku. Idan suka kai biyar a tebur, biyu za su koma 'yan kallo. Ɗaya ya saki lilon, ɗaya ya ƙirga, ɗaya ya riƙe agogo ya rubuta, kuma a kowane zagaye su canza aiki. Ka sa ido sosai a nan, don sau da yawa yaro mai baki shi ke ƙwace kayan, mai kunya kuwa, musamman yarinya a cikin maza, a bar ta da biro har a tashi.

Ka faɗi ƙa'idar tsaro a taƙaice: ba a wujijjiga noti a sama, ba a sa shi a baki, ba a naɗa zare a wuya. Almakashi ya zauna a hannun babba.

Yanzu sai hasashe, kuma wannan matakin ne ake yawan tsallakewa. Kafin kowa ya taɓa zare, kowane yaro ya rubuta abin da yake zato. Yawancinsu za su ce mai nauyi zai fi sauri. Kada fuskarka ta nuna komai. Ka tambayi dalili, sannan ka yi shiru. Mary Budd Rowe, wadda ta yi bincike kan koyar da kimiyya a Amurka, ta gano a farkon shekarun 1970 cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, kuma idan jiran ya kai daƙiƙa 3 ko fiye, amsoshin yara sukan ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana ma su fara sa baki. Ka ƙirga ukun nan a zuciyarka. Za ka ji ta yi maka tsawo, ka daure.

Daga nan rabin awa nasu ne. Doka ɗaya za ka kafa musu: abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Idan nauyi ake gwadawa, tsawon zare ya zauna yadda yake. Su fara da noti ɗaya, su ƙara na biyu, har zuwa huɗu, suna ƙirga zuwa da dawowa goma-goma, kowane awo sau uku. Akwai tarko a nan: idan suka jera notin ɗaya ƙarƙashin ɗaya kamar sarƙa, sun ƙara tsawo ba tare da sun sani ba. A ɗaure su gefe da gefe. Haka kuma kada a ja lilon ya yi nisa kafin a sake shi, ɗan karkatawa kaɗan ya isa. Bayan nauyi sai a koma kan tsawo, kowane rukuni ya gwada zare mai tsawo daban.

Za ka ga rukunin da ya ɓata ƙirga, ko zarensu ya kwance. Hannunka zai yi ƙaiƙayi ka gyara musu. Sa hannuwan a baya, ka durƙusa daidai tsayinsu ka ce, "Me kuka canza tun awon farko?" Idan wata ta ce, "Malam, namu bai yi ba, noti huɗu da noti ɗaya duk lokacinsu ɗaya ne," ka ce ta sake aunawa ta zo ta nuna wa sauran. Abin da ake nema ke nan ta gano, kuma ya fi kyau ajin ya ji daga bakinta.

Minti goma sha biyar na ƙarshe a taru gaban allo. Ja layi, kowane rukuni ya manna zarensa a wajen adadin daƙiƙun da ya samu. Zarurrukan za su jeru daga gajere zuwa dogo, yaran su gani da idonsu cewa tsawo ne ke mulki, nauyi ba ruwansa. Manyan cikinsu za su iya lura cewa sai an ninka tsawo sau huɗu kafin lokacin ya ninka sau biyu. Sai a nan ne za ka kawo sunaye: Galileo na Italiya ya yi nazarin wannan lilon, kuma Christiaan Huygens na Holan ya ƙera agogo da shi a 1656.

Kowane yaro ya tafi gida da zarensa da noti ɗaya da wannan aiki: ya nemo tsawon da zai sa lilon ya je ya dawo sau goma cikin daƙiƙa 15, ya kawo awonsa a zama na gaba. Kai kuma kafin ka kwashe kaya, ka rubuta tambayoyin da suka yi waɗanda ba a amsa ba, daga cikinsu za ka zaɓi ta mako mai zuwa.