Yadda Ake Zana Ƙofar Zaure da Fentin Ruwa

Tun da aka ga zanen tsohuwar ƙofar da na yi a Argungu, ake ta tambayata yadda na yi. Ga matakan.

1. Zaɓi abu guda: ƙyaure, zanko ko indararo. Gida sukutum zai fi ƙarfinka.
2. Yi sallama, ka nemi izinin maigida.
3. Zauna da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da inuwa ta kwanta a bango.
4. Manne takarda mai kauri a jikin allo da salatif. Ta littafin makaranta tattarewa take yi.
5. Zana siffar da fensir sama-sama. Ajiye rula, ni dai karkacewar ginin laka ce ke burge ni.
6. Haɗa ja da ruwan ɗorawa da ɗigon shuɗi, ka samu launin jar ƙasa.
7. Shafa shi tsararo, ka tsallake inda rana ta haska. Hattara, a nan ake ɓata aiki: farin takarda shi ne haskenka, in ka rufe shi ya tafi ke nan.
8. Jira ya bushe sarai. Da hunturu ba ya daɗewa.
9. Sa inuwar ƙarƙashin azara da shuɗi gauraye da ruwan ƙasa. Baƙi zalla kashe zane yake yi.
10. Ɗauki ƙaramin buroshi ka bi tsatsar ƙusoshi, tsagar katako, da layin da ruwan damina ya bari daga bakin indararo har ƙasa.
11. Ɓare salatif a hankali.